Sharon Bakin Teku

Ranar da takardar tafiyata Ingila ta iso Haɗejiya, cikin damunar 1968, gidanmu ya rabu biyu, kuma ba rabon adalci ba. Baffannina huɗu suna gefe guda, kakata Yelwa ita kaɗai tana ɗaya gefen, a kan tabarmarta, tana sakar faifai.

Baffa Haladu, babbansu, shi ya yi magana. Ya ce, "Inna, an sa yarinyar nan firamare mun yi shiru. An kai ta Kano mun yi shiru. Yanzu ga ta tana kallon manya cikin ido. In ta haye teku, ɗan fulakon da ya rage mata kifi za ta bar wa."

Mu Fulani ne, amma tun zamanin kakan babana muka zauna cikin gari. Shanunmu suna wajen dajin Baturiya a hannun makiyaya, Fillancinmu kuwa bai wuce na gaisuwa da na zagi ba. Abin da muka riƙe gam shi ne fulako: kada ka nuna yunwa, kada ka nuna tsoro, kada ka nuna zafi, ko da kuwa ƙaya ce ta shiga idonka.

Inna Yelwa ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Na haifi tara a gidan nan, maƙwabta ba su taɓa sani ba sai sun ji kukan jariri. Sakinatu jinina ce. Za ta je ta koyo ungozomancin Turawa ta dawo. Ranar da kuka ji an ce ta yi raki a gaban mutane, ku cire ƙanwarta daga makaranta, ba zan ce uffan ba."

Haka aka jingina karatun Barira, ƙanwata, a kan bakina. Tana aji shida a lokacin, ta fi ni kai nesa ba kusa ba, kuma babu wanda ya tambaye ta ko ta yarda.

Da a ce ni kaɗai ce 'yar Haɗejiya a garin da aka kai ni, da ko birgima na yi a titi babu mai ji. Sai dai akwai Shu'ibu, ɗan maƙwabciyarmu Uwa, wanda gwamnati ta tura koyon aikin madatsar ruwa. Babarbare ne, tsakaninmu da su kuwa sai wasa, kowa na kiran ɗan'uwansa bawa tun kaka da kakanni. Duk wata yana rubuta wa mahaifiyarsa wasiƙa. Ita ba ta karatu, saboda haka Barira take kira, ta karanta da ƙarfi a tsakar gida, matan unguwa suna zaune da surfe da tankaɗe. Barira ba ta da damar tsallake layi, don Uwa takan kai takardar wajen malamin makaranta ya sake karantawa, ta ji ko magana ta zo daidai.

A sanyin farko Shu'ibu ya rubuta cewa ya ga baiwarsa, wato ni, a tashar bas tana hawaye. Iska ce. Duk wanda ya tsaya a tashar nan idonsa sai ya yi ruwa, har da karnuka. Amma wasiƙar Barira ta zo mini da layi guda a ƙarshe: "Yaya, Baffa ya ce wannan ɗaya kenan, ba zai jira uku ba."

Cikin Yuli na shekara mai bi, makarantarmu da ƙungiyar ɗalibai baƙi suka haɗa yawon shan iska zuwa wani gari na bakin teku, inda akwai filin wasanni. Na shiga bas da ƙawata Morin, Baturiya mai jan gashi wadda muke ɗaki ɗaya, sai ga Shu'ibu a kujerar baya, da kyamara rataye a wuya.

Ya ce, "Fulani, an fito kiwo?"

Na ce, "Wa ya kwance ka, bawa? Ban tuna na ba ka hutu ba."

"Na zo ne in ɗauki hoton raki. An ce a can akwai abin da ke sa sojoji kiran uwarsu."

"To ka shirya kiran taka. Ka ga ita ko tana jin ka ba za ta sha mamaki ba."

Filin ya fi kasuwar Haɗejiya ranar cin ta hayaniya, ga kiɗa ta kowace kusurwa, babu wanda ya dace da wani. Warin sukari ƙonanne ya cika ko'ina, da na kifin da aka soya ba barkono. Morin ta sayo wata audugar sukari mai ruwan hoda a kan tsinke ta miƙo mini, na ce na ƙoshi. Ban karya ba tun safe, amma ba a haife ni in ci abinci a tsaye a gaban maza ba. Shu'ibu kuwa ya ci kifi da dankali a cikin takarda, ya bi da audugar, ya kora da wani lemo mai kumfa. Barebari ba su san wannan doka ba, kuma ranar nan Allah ya nuna musu amfaninta.

Abin da ya kawo shi yana can ƙarshen filin. Katako aka harhaɗa aka yi tsaunuka da kwaruruka, tsayin mafi girmansu ya kai giginya uku a kan juna, aka shimfiɗa layin dogo a kai. Wani ɗan jirgin ƙasa mara rufi yana hawa a hankali kamar mai ciwon baya, in ya kai ƙoli sai ya sako kansa ƙasa. Mutanen ciki suna ɗaga hannuwa sama, suna ihu kamar awakin da kura ta faɗa wa garke.

Ɗaga hannun nan ne ya ja ni cikin wahala. Ina yarinya Inna Yelwa takan kai ni Kaugama bayan kaka mu kalli sharo. Saurayi yakan tsaya tsakiyar fili, ya ɗaga hannuwa sama, ya riƙe madubi yana kallon fuskarsa, abokin karawarsa ya tsula masa bulalar tsamiya a haƙarƙari. In fuska ta motsa ya faɗi. In ya bar fili kafin abokin karawarsa, nan ma ya faɗi. Da na ga Turawa sun ɗaga hannu sai na ce a raina, ashe su ma suna da nasu, sai dai babu wanda ya koya musu rabin na biyu.

Shu'ibu ya ce, "Baiwata, in kina tsoro ki riƙe mini jaka. Zan rubuta cewa kin yi hidima da kyau."

Na ƙara ɗaure ɗankwalina har sai da kunnuwana suka yi zafi, na wuce gabansa.

An fara yayyafi, mutane sun watse neman mafaka, layi babu kowa. Ni da Morin muka zauna a benci ɗaya. Shu'ibu ya zauna a na gabanmu, ya juyo da baya yana fuskantata da kyamararsa. A bayana akwai wani tsoho mai hular ulu, ma'aikacin wurin, zaune a wata 'yar kujera da sandar birki tsakanin gwiwoyinsa. Shi ke tafiya da jirgin, yana rage masa gudu a kwana. Aka sauko mana da wani ƙarfe a kan cinya. Na buɗe jakata na ciro madubin hoda.

Morin ta ce, "Kwalliya za ki yi yanzu?"

Na ce, "A garinmu haka ake yi."

Muka fara hawa, sarƙa tana ƙas ƙas a ƙarƙashinmu. Na ga rufin gidaje, na ga bas ɗinmu ta koma kamar akwatin ashana, na ga teku ya miƙe babu gaɓar tsallake. Na shiga kwalekwale a Auyo lokacin da kogi ya cinye gonakin shinkafa, ruwa yana juyi da itatuwa, ban ji komai ba. Amma kwalekwale yana da ruwa a ƙarƙashinsa. Wannan ba shi da komai sai alkawarin kafinta. Na karanta addu'ar shiga jirgin ruwa, ita ce ta fi kusa, na ɗaga hannuwana biyu, na kafa ido a madubi.

Ba zan iya kwatanta faɗuwar ba. Cikina ya tsaya a sama, ni na yi ƙasa. Morin ta saki ƙara a cikin kunnena. Wani ihu ya taso mini tun daga tafin ƙafa, ya iso maƙogwaro, na danne shi da haƙora a kan harshe har na ji gishirin jini. Yarinyar da ke cikin madubi ta zare ido kamar mujiya, amma bakinta a rufe yake. Muka hau, muka faɗa, muka karkata har na ga katako yana wucewa ta gefen kunnena, sannan jirgin ya ja numfashi ya tsaya daidai inda muka taso.

Tsohon ya ɗage ƙarfen ya ce, "Babu mai jira. Wanda yake so ya ƙara, ya zauna abinsa."

Morin ta fice tana dariya tana dafe ƙirji. Na dubi Shu'ibu, ya dube ni.

Ya ce, "Bismillah, sauka."

Na ce, "Bawa ne ke fara sauka ya shimfiɗa tabarma."

"Ni yanzu na fara jin daɗi."

"Ni ban ma san an tashi ba."

Tsohon ya mayar da ƙarfen.

A zagaye na biyu na gane cewa sanin abin da ke zuwa ya fi rashin saninsa muni. A na uku madubin ya suɓuce daga hannuna, ya tafi neman wadda ta fi ni hankali. Shu'ibu, da yake ya juya baya ne, kowace faɗuwa da ƙeya yake shigarta. Tun a na biyu ya daina ɗaukar hoto. A na uku ya daina magana. A na huɗu muna tsakiyar hawa ya ce, cikin wata siririyar murya, "Sakinatu, ke ba ki da imani ne?" Tun da muka san juna bai taɓa kiran sunana ba. Jirgi na tsayawa ya tsallake ƙarfen tun kafin a ɗage, ya ruga bayan wata rumfa, kifi da dankali da audugar sukari suka koma hannun masu ƙasarsu.

Na ci gasa. Sauran kawai in tashi, in gyara zane, in taka zuwa wajen Morin kamar wadda ta fito daga ɗakin karatu.

Na ce wa ƙafafuna mu tafi. Ba su amsa ba. Na matsa tafin dama a kan katako a ɓoye, sai na ji shi kamar jiƙaƙƙiyar igiyar guga. Na san aikina, na san abin da ke faruwa da mutumin da ya miƙe a kan irin waɗannan ƙafafu: taku ɗaya zai yi, na biyu da goshi. Ga Shu'ibu ya dawo yana goge baki, ya jingina da shinge, kyamara tana wuyansa. Hoton jikar Yelwa a kife a ƙasa, zane ya yi gefe, ba ya ma buƙatar wasiƙa. Baffa Haladu ko karatu ba ya yi zai karanta wannan.

Wuri ɗaya ne a duk filin nan da zan iya zama da mutuncina, shi ne bencin nan. Bencin kuwa ba ya zama wuri ɗaya.

Tsohon ya ce, "Za ki sauka?"

Na ce, "A ƙara."

Tunanina shi ne ƙafafun za su dawo a hanya. Wannan ita ce wauta mafi girma da na yi a ƙasar Ingila, har da ranar da na zuba gishiri a shayin shugabar ma'aikatan jinya. Kowane zagaye sai ya tafi da ɗan abin da ya rage. Yayyafi ya ɗauke, mutane suka fito, labari ya bazu cewa ga wata baƙar mace can ta ƙi sauka kuma ta ƙi ihu. Suka taru a bakin shinge suna ƙirga mini. Wasu suka shigo jirgin don su gan ni kusa, su yi zagaye ɗaya su fita suna tangaɗi. Wata tsohuwa ta ɗaga jikanta sama ya kalle ni. Ni kuwa hannuwana suna sama har yanzu, don na fara da su a sama, in na sauke za a ce na gaji.

A hawa na bakwai tsohon ya sunkuyo ta bayana. Ya ce, "'Yata, ƙafafun ne, ko?"

Na ce, "Daɗi nake ji."

"Shekara talatin da ɗaya ina kan kujerar nan. Masu jin daɗi ba sa motsa leɓe suna addu'a."

"Waƙar garinmu ce."

"To. Zan ja birki sosai a kwana, don waƙar ta fita da kyau."

Ya kuwa ja. Allah ya saka masa, ko da yake kwana ba ita ce matsalata ba.

Muna shigowa daga zagaye na tara na ji bas ɗinmu tana oda, malamar da ta kawo mu tana kaɗa laima daga nesa. Morin ta matso ta ce, "Sakina, ya isa haka, za a tafi a bar mu." Na yi mata murmushi da baki rufe, don harshena ya kumbura. Na fara lissafin ko zan iya cewa a bar ni a nan, in kwana, in nemi aiki.

Shu'ibu ya zo ya tsaya a kaina. Fuskarsa ta yi fari kamar an shafa toka. Ya dube ni, ya dubi ƙasa. Takalmina na hagu ya fita tun ban san lokacin ba, yana can ƙarƙashin bencin gaba, ƙafar kuwa tana zaune a kan katako mai sanyi ko neman sa ba ta yi. Ya daɗe yana kallon ƙafar nan. Na jira ya ɗaga kyamara.

Sai ya ce, "Kada ki motsa."

Kamar ina da zaɓi.

Ya sauka ta gangaren da ke kaiwa rairayin bakin teku. Jim kaɗan sai ga shi yana jan jaki. Ashe a ƙasar nan jakuna ba sa ɗaukar itace ko taki, yara ake ɗorawa a kansu a zaga da su don nishaɗi. Wannan ya yi ƙiba kamar ɗan maraƙi, an sa masa malafa mai huji biyu don kunnuwa, mai shi yana biye yana mita. Shu'ibu ya tsaya gaban taron ya yi jawabi da Turanci, da muryar mai wa'azi. Ya ce a ƙasarmu akwai tsohuwar al'ada: wanda ya ci gasa irin wannan, haramun ne ƙafarsa ta taɓa ƙasa sai ya isa masauki, kuma wanda aka kayar shi ke jan akala.

Babu wannan al'ada, daga Haɗejiya har Barno. Amma Turawa suna son al'ada. Suka yi tafi. Morin da tsohon mai birki suka kama ni ta hammata, suka ɗaga ni cak suka ɗora a kan jakin, na zauna a karkace kamar yadda mata suke yi, na gyara mayafi. Shu'ibu ya miƙa wa Morin kyamara ta ɗauke mu, shi da igiya a hannu, ni ina kallon nesa.

Muna tafiya ya ce da Hausa, ba tare da ya waiwayo ba, "Da na goya ki, amma Fulani ƙashi ne zalla, sai ki huda mini riga."

Na ce, da harshen da ya cika mini baki, "Ja a hankali. Ɗan'uwanka ne, kada ka wahalar da shi."

A ƙofar bas Morin ta rungume ni kamar mai taya murna, ta haka na isa kujera. Shu'ibu ya ajiye takalmin a gefena ya wuce baya. Bai ce ya sani ba, ban tambaye shi ba, har yau. Kwana takwas na yi ina shan kunun hatsin Turawa da gefen baki, na ce wa kowa shayi ne ya ƙona ni.

Amsa ta zo bayan mako shida, da rubutun Barira. Ta ce an karanta wasiƙar Shu'ibu a tsakar gidan Uwa, har maza sun tsaya a zaure suna saurare. Ya rubuta cewa na hau jirgin sama da ƙasa sau tara, hannu a sama, ko tari ban yi ba, Turawa ɗari suna kallo. Game da kansa ya ce ya sauka a na huɗu ne don lokacin azahar ya yi. Na bar masa wannan. Wanda ya rufa maka asiri da jaki, ba ka tona nasa saboda kifi.

Barira ta ce Baffa Haladu ya karɓi hoton ya juya shi sama da ƙasa, ya ce an ƙetare teku an je hawan abin da ke ɗaure a bayan gida. Amma bai ce biyu ba. Da Inna Yelwa ta tambaye shi a gaban ƙannensa ko akwai sauran magana, ya ce babu, Barira ta je Kano in shekara ta kama.

Sauran takardar saƙon Inna ne, Barira ta rubuta yadda ta faɗa. Ta sa an karanta mata wurin jirgin sau biyu, sannan ta tambaya wane gari ya kai ni. Aka ce ba ya zuwa ko'ina, inda ya tashi nan yake komawa. Ta ce, duk sau taran? Aka ce duk. Ta tambaya ko akwai ciyawa ko ruwa a saman. Aka ce babu. Ta gama layi guda na faifanta, sannan ta ce:

"Ki gaya mata ba ta kunyata ni ba, dauriyar tawa ce. Hankalin ne ban san na wanda ta ɗauko ba, a binciki dangin uwarta. Ke kuma Barira, in za a kai ki Kano, ki tambayi direba tun kafin ki zauna ko motar tana isa wani wuri."